Ostireliya da fafutukar kafa hukumar tambari: me ya sa har yau sai an aika Landan?

Duk jami'a, ko majalisar gari, ko coci, ko wani mutum a Ostireliya da ke son tambarin garkuwa mai hatimin sarauta, wasiƙarsa Landan za ta nufa, ko kuma Edinbara idan asalinsa na Sikotland ne. Ƙasar da jihohinta suka haɗe tun 1901, wadda take da takenta, da lambobin yabonta, da kotun ƙolin da babu wata a bayanta, ba ta da ko ofishi ɗaya mai ikon bayar da tambari ko ajiye kundinsa. Shekara talatin da ɗoriya ke nan wasu 'yan ƙasar suna neman a kafa irin wannan hukuma, gwamnatoci suna zuwa suna wucewa, maganar tana nan inda take.

Mai karatu a Najeriya ya san abin da ake magana a kai, don yana jikin fasfo da kuɗi: baƙar garkuwa mai farin ratsi inda Neja da Binuwai suka haɗu, fararen dawaki biyu, da jar gaggafa a sama. Irin wannan tsari ya samo asali ne a Turai a ƙarni na 12, lokacin da mayaƙa suka fara sa alamominsu a garkuwa da tuta da hatimi, 'ya'yansu suna gada. Ya bambanta da alamar kamfani ta hanyoyi biyu. Na farko, ainihin tambarin ba zanen ba ne, bayanin da aka rubuta ne na launi da siffa da wurin da kowane abu zai zauna, sannan kowane mai zane ya fitar da shi da salon hannunsa. Na biyu, a al'adar Ingila da Sikotland tambari na mutum ɗaya ne ko hukuma ɗaya. Ba na duk mai sunan dangi iri ɗaya ba ne, ko da yake shagunan da ke sayar wa masu yawon buɗe ido "tambarin danginku" ba sa so a faɗi haka.

Tunda abu na mutum ɗaya ne, dole a sami mai raba gardama. A 1385 wasu manyan Ingila biyu, Richard Scrope da Robert Grosvenor, suka tarar da kansu a sansanin yaƙi ɗaya riƙe da garkuwa iri ɗaya, shuɗiya mai ratsin zinariya a karkace. Aka yi shekara biyar ana shari'a, aka saurari ɗaruruwan shaidu, kafin Sarki Richard na Biyu ya tabbatar wa Scrope a 1390. Daga irin waɗannan rigingimu ne aikin masu shelar fada ya rikiɗe ya zama aikin riƙe kundi. A 1484 Sarki Richard na Uku ya ba su takardar zama hukuma, ita ce Turawa ke kira College of Arms, wadda har yanzu take zaune a Landan.

Tsarin hukumar da ban sha'awa. Jami'anta goma sha uku ne, uku daga ciki suna da laƙabin sarki, dukkansu ma'aikatan gidan sarautar Birtaniya ne, kuma mai sa musu ido shi ne basaraken Norfolk, wanda yake riƙe da muƙamin ta hanyar gado. Albashin babbansu daga fada fam 49 da 'yan kwabbai ne a shekara, adadin da aka tsayar tun ƙarni na 19 ba a taɓa shi ba. Gwamnati ba ta ɗaukar nauyin hukumar. Da kuɗin da masu neman tambari suke biya take rayuwa, kuma tambarin mutum ɗaya yana cin dubban fam. Ikon hukunci kuwa ya yi sanyi. Kotun da ke sauraron ƙarar tambari a Ingila rabon da ta zauna tun 1954, lokacin da majalisar birnin Mancesta ta kai wani gidan wasa ƙara saboda yana amfani da tambarinta. A Sikotland abin da sauran haƙora. Shugaban ofishinsu, mai laƙabin Lord Lyon, alƙali ne na sosai, dokar 1672 ta wajabta rajista, kuma kotun tana da nata mai gabatar da ƙara. A 2015 sai da ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Airdrieonians ta gyara bajenta saboda ya saɓa wa ƙa'ida.

Ostireliya ta gaji hanyar Landan kamar yadda ta gaji sauran abubuwa. Jami'ar Sidni ta karɓi nata tambarin a 1857, jihar Kwinsland a 1893. Na tarayya Sarki Edward na Bakwai ya bayar a 1908, aka yi ƙorafin bai nuna jihohi ba, Sarki George na Biyar ya ba da sabo a 1912, shi ne mai alamomin jihohi shida da kangaru da emu, tsuntsun nan mai kama da jimina. A wancan zamani babu wanda zai ga abin mamaki a ciki. Daula ɗaya ce, sarki ɗaya.

Sai aka shiga kwance igiyoyi ɗaya bayan ɗaya. A 1973 doka ta mayar da laƙabin Elizabeth ta Biyu "Sarauniyar Ostireliya". A 1975 gwamnatin Gough Whitlam ta kafa lambar yabo ta ƙasa. A 1984 aka ɗauki sabon taken ƙasa. A 1986 aka rufe ƙofar ɗaukaka ƙara zuwa Landan, aka kuma kawo ƙarshen ikon majalisar Birtaniya na yi wa Ostireliya doka. A 1992 aka daina tura sunayen 'yan ƙasa don lambobin yabon Birtaniya. Hujjar masu fafutuka a nan ta tsaya: a idon doka, Sarkin Ostireliya muƙami ne dabam da Sarkin Birtaniya ko da yake mutum ɗaya ne yake riƙe da su. Jami'an Landan kuwa Sarkin Birtaniya ne ya naɗa su, ƙarƙashin wani basaraken Ingila. Ashe ke nan tambarin da suke bai wa ɗan Melbon kyauta ce daga wata ƙasa, ko da hukumar tana ƙidaya Ostireliya cikin yankunan da take yi wa aiki.

Ƙungiyar masu sha'awar tambura ta Ostireliya, wadda aka kafa a Melbon a 1992, ta sa kafa hukumar ƙasa cikin manufofinta. Mafi kusancin da suka yi da nasara a jihar New South Wales ne. A 2002 wani kwamitin majalisar dattawan jihar da ya duba ƙudurin doka kan tambarin jiha ya ba da shawarar a nemi tarayya ta kafa hukuma, in kuma ta yi jinkiri jihar ta duba yiwuwar kafa tata. Dokar ta fito a 2004, ta sa aka riƙa sauke tambarin sarautar Birtaniya daga kotuna da ofisoshi ana sa na jihar. Shawarar hukuma kuwa ta kwanta a takarda.

A 2018, zamanin Firayim Minista Malcolm Turnbull, gwamnatin tarayya ta amsa tambaya a majalisa, kuma amsar ta cancanci a tsaya a kanta. Abin da ta ce shi ne: neman tambari daga Landan hanya ce sananniya ga mai so, amma babu abin da ya hana kowa ya sami mai zane a gida ya yi masa, kuma wanda aka zana a gida matsayinsa ɗaya da na Landan a cikin Ostireliya. Da farko mutum zai ce ai an 'yanta kowa ke nan. In an ƙara dubawa sai a ga gwamnati cewa ta yi duka biyun ba su da wani matsayi na musamman a dokarta. Ta cire wa Landan fifiko, ba ta ɗora kowa a gurbin ba.

Masu fafutuka ba su taɓa cewa ana hana su zane ba. Kowa yana iya shiga kasuwa ya sayi rawani ya naɗa, kuma babu dogarin da zai tare shi. Amma sarauta sai wanda aka naɗa a fada, aka san ranar, aka san wanda ya gada. Abin da suke nema shi ne hannun da zai bayar da sunan ƙasa, da kundin da za a buɗe bayan shekara ɗari a ga wane ne mai wannan alama. Amsar 2018 ta amsa tambayar da ba su yi ba.

Kanada ce misalin da kullum suke nunawa, kuma ba don komai ba sai don matsayin ƙasashen biyu ya yi kama. Can ma wata ƙungiya ce ta fara, wadda aka kafa a 1966, shekara guda bayan ƙasar ta ɗauki tutarta mai ganyen mafal. Sun yi shekara ashirin suna bugun ƙofa. Abin da ya sauya lamarin shi ne sun sami minista mai sha'awa, David Crombie, wanda ma'aikatarsa ta kira taron ƙasa kan batun a Ottawa a 1987. Ranar 4 ga Yunin 1988 Yarima Edward ya miƙa wa Gwamna-Janar Jeanne Sauvé, wakiliyar Sarauniya a ƙasar, takardar da Sarauniya ta sa wa hannu, wadda ta ba ta ikon bayar da tambari a Kanada. Ba a yi sabuwar dokar majalisa ba, ba a gina sabuwar ma'aikata ba. An ɗauki ikon da yake hannun sarauta an sauke shi a ofishin da tun da can yake kula da lambobin yabo. Robert Watt ne shugaban farko, Claire Boudreau ta gaje shi a 2007, Samy Khalid ya karɓa a 2020. Laƙaban jami'an ma sunayen kogunan ƙasar ne, irin su Fraser da Saguenay da Athabaska. Gwamnati ke biyan albashinsu, mai nema kuma ya biya kuɗin bincike da zane da rubutun hannu.

To me ya hana Ostireliya bin wannan sawu, alhali hanyar a share take? A ganina batun ya faɗa ne tsakanin ɓangarori biyu, kowanne yana ɗaukarsa na abokin hamayya. Masu son jamhuriya suna jin kalmar tambari sai su hango sulke da kambi da gidan sarauta. Ba za su ɓata ƙarfinsu wajen kafa sabon ofishi da sunan sarki ba alhali sarautar ce gaba ɗaya suke son cirewa. Masu son sarauta kuma da yawansu alaƙar da Landan ita ce daɗin abin, takarda a kan fatar maraƙi daga ginin da ya yi ɗaruruwan shekaru. Kawo ofishin Kanbera, babban birnin ƙasar, a wurinsu ragi ne. Ƙuri'ar raba gardama ta 1999, wadda kusan kashi 55 cikin 100 suka ƙi jamhuriya, ba ta kashe gardamar ba, ta dai sa 'yan siyasa sun koyi kauce mata. Sai kuma abin da ya faru da Firayim Minista Tony Abbott. Ya dawo da sarautar "Sir" a 2014, a Janairun 2015 ya bai wa Yarima Philip, mijin Sarauniya, ƙasa ta yi masa ca, kafin shekarar ta ƙare ya rasa kujerarsa, Turnbull ya soke sarautar. Bayan wannan, wane firayim minista ne zai tashi a majalisa ya ce yana son kafa ofishin da jami'ansa ke da laƙabai irin na zamanin mayaƙan dawaki?

Akwai kuma matsalar tsarin tarayya, wadda ba a cika ambata ba. Jihohin Ostireliya kowacce tana da gwamnan da ke wakiltar sarki kai tsaye, ba ta hannun Gwamna-Janar ba, kuma suna kishin ikonsu. Majalisun garuruwa, waɗanda su ne za su fi kowa neman tambari, a ƙarƙashin jihohi suke. Hukumar tarayya sai ta sami yardarsu. Wannan ba abu ne mai wuya ba, amma yana buƙatar wani ya ɗauki wahalarsa, kuma babu ƙuri'a a ciki.

Masu adawa ma suna da magana, bai kamata a raina ta ba. Wanda yake tsoron a sace masa alama yana da dokar alamar kasuwanci ta 1995 da dokar haƙƙin mallaka. Tambarin tarayya kansa ba shi da wata doka tasa ta musamman, da dokokin kasuwanci da na laifuffuka ake kare shi, kuma ƙasa ba ta rushe ba. Jami'o'i da yawa sun mayar da tsofaffin tamburansu kan takardar shaidar digiri, suna tallata kansu da alamu masu sauƙi da suka fi fitowa a fuskar waya. Mutanen da abin ya dama ƙalilan ne. Sai dai dokar kasuwanci ciniki take karewa: ana rajista ne bisa rukunin kaya, ana sabuntawa duk shekara goma, kuma ana iya soke wadda aka daina amfani da ita. Makarantar ƙauye, ko rundunar sa-kai, ko dangin da ba ya sayar da komai, ba don su aka yi ta ba.

Inda nake ganin masu fafutukar suna da hujja mafi ƙarfi, kuma ba su cika sa ta a gaba ba, shi ne abin da ake zanawa a cikin garkuwar. Dubi tambarin da aka bai wa Kanbera a 1928: ganuwa mai hasumiya, takobi, sandar majalisa, kambi, farin fure na York, wani tsohon gidan sarautar Ingila. In ka cire baƙar agwagwar ruwa mai dogon wuya da ke gefe ɗaya, kusan babu abin da zai gaya maka a wace nahiya birnin yake, kuma a 2019 wani kwamitin majalisar yankin ya ba da shawarar a yi sabo. Na birnin Sidni na 1908 yana da Ba'aborijine, wato ɗan asalin ƙasar, a gefe ɗaya da matuƙin jirgin ruwan Bature a ɗayan. A 1996 majalisar birnin da kanta ta sake shi, ta sa macijin bakan gizo na al'adar 'yan asalin ƙasar da naɗaɗɗiyar igiyar jirgi. Sun yi abin da suka ga ya dace, amma babu wata hukumar ƙasa da za ta shigar da shi kundi. Kwatanta da yankin Nunavut na Kanada a 1999. Hukumar ƙasar ta zauna da dattawan Inuit, 'yan asalin wurin, da wani mai zane ɗan yankin, aka fito da garkuwa mai da'ira maimakon mai tsini irin ta Turai, a cikinta fitilar dutse da tsibin duwatsun da ke nuna wa matafiyi hanya, a samanta ɗakin ƙanƙara, kirarin kuma da harshensu da baƙaƙensu. Jami'in da ke zaune a bakin kogin Thames, kome ƙwarewarsa, ba shi da lokacin wannan zama.

A nan ma da sauran taka-tsantsan. Zane-zanen Aborijin suna da masu su bisa al'ada, wasu na dangi ne, wasu ba a nuna wa kowa. Hukumar da za ta shiga wannan fage ba tare da su a cikinta ba za ta iya yin ɓarnar da ta fi ta Landan, don ita Landan nisa ya hana ta taɓa abin. Kuma ƙasar ta riga ta ɗanɗani tsadar barin alama babu tsari. Tutar Aborijin, wadda Harold Thomas ya zana a 1971, ta zama tutar hukuma a 1995 alhali haƙƙin mallakarta yana hannunsa. Da kamfanin da ya karɓi lasisi ya fara aika wa ƙungiyoyi takardun gargaɗi kan sa ta a riguna, sai da gwamnati ta biya dalar Ostireliya miliyan 20 a 2022 kafin ta zama ta kowa.

Ba Kanada kaɗai ce hanya ba, kuma nan ne nake ganin fafutukar ta ɗaure kanta da igiya ɗaya. Afirka ta Kudu ta fita daga ƙungiyar Commonwealth a 1961, ta yi dokar tambari a 1962, ta buɗe ofishi a Pretoria a 1963. Babu sarki a ciki ko kaɗan. Aikin rajista yake yi, ba kyautar girmamawa yake bayarwa ba: ka kawo alamarka, a duba ko ta bi ƙa'ida kuma ba ta wani ba ce, a buga a jaridar gwamnati don mai ƙorafi, sannan a shigar. Da mulkin wariya ya faɗi, shugaban wannan ofishi, Fred Brownell, shi ya zana tutar 1994, kuma garkuwoyin gargajiya na Afirka suka shiga tamburan sababbin larduna. Kenya ta yi tata dokar a 1968. Niyu Zilan ta tsaya rabin hanya, tun 1978 tana da jami'i guda a gida amma takardun daga Landan suke fitowa. Amurka kuwa tana da ofishin soja da ke yi wa rundunoni da hukumomin gwamnati alamu, ba ta bai wa ɗaiɗaikun mutane, kowa ya ɗauki abin da ya ga dama.

Ailan gargaɗi ce ga mai gaggawa. A 1943 gwamnatin Dublin ta karɓi tsohon ofishin da Birtaniya ta bari, ta naɗa shugaba, aka ci gaba da bayar da tambura, har John F. Kennedy ya samu a 1961. Amma ba a yi dokar da ta fayyace ikon ba. Da aka tono cewa asalin wani mutum da ofishin ya amince da shi a matsayin shugaban tsohuwar zuriyar MacCarthy na bogi ne, aka janye amincewar a 1999, sai tambayoyi suka biyo baya: jamhuriyar da ba ta da sarki, daga ina ta samo ikon da asalinsa na sarki ne? Sashen dokar da ya ba ofishin gindin zama sai a 2005 ya fara aiki, aka bar shakku a kan tamburan shekara sittin da suka gabata. Malta ma, da ta kafa nata ofishin a 2019, sai da ta koma ta gyara doka bayan an tuhumi tushensa.

Wannan ya shafi Ostireliya kai tsaye. In ta kwaikwayi Kanada, ta dogara da takardar sarki kaɗai, ranar da ta zama jamhuriya za ta tsinci kanta inda Ailan ta tsinci kanta. In kuma majalisa ce ta yi doka, ta kafa ƙaramin ofishin rajista irin na Pretoria, a jingine da ma'ajiyar tarihi ta ƙasa ko ofishin lambobin yabo, tare da yardar jihohi da kujeru ga 'yan asalin ƙasa, to mai son sarauta yana iya neman a sa wa takardarsa hannun Gwamna-Janar, mai son jamhuriya kuma ba a tilasta masa komai ba. Tamburan da Landan da Edinbara suka riga suka bayar sai a kwafe su cikin sabon kundi, kamar yadda Kanada take yi wa nata tsofaffin, kada wanda ya biya dubban fam ya ga an yar da shi. Ma'aikatan da ake buƙata ba su kai na ƙaramar makarantar firamare ba. Ministan da zai ɗauki takardar ya kai majalisa ne har yanzu ba a samu ba.